Kalmar da Ƙamus Ya Karanta a Ƙofar Masaƙa

A masaƙar ba mai kiransa da sunan yanka, Ƙamus kowa ke cewa. Shekara goma sha tara yana ɗaura zare a inji na bakwai, har ƙurar auduga ta zauna masa a ƙirji. Daga aji uku ubansa ya cire shi makaranta. Turancinsa kuwa a wani guntun ƙamus ya samo, marar kai marar gindi, da ya tsinta cikin takardun naɗe kaya. Shafi ashirin ne, kusan duk kalmomin da "dis" suka fara. In an tashi cin abinci sai ya hau buhu yana jero su: disease cuta, dish kwano, distance nisa. Abokan aiki su yi ta tsokanarsa, amma ran da takarda ta zo wa mutum, wurinsa yake nufa.

Ƙanensa, wanda Ƙamus ya ɗauki nauyin karatunsa da guminsa, shi ne akawun ofis.

Wata Litinin da safe ƙanen ya manna sanarwa a bakin ƙofa ya koma ciki. Dama an yi wata biyu ana raɗe-raɗin rage ma'aikata. Mutane suka taru, aka turo Ƙamus gaba. Ya baro tabaraunsa a gida. Idonsa ya faɗa kan wata doguwar kalma kusa da lambar sashensu, ya ga farkonta, bai ƙarasa ba.

"Dismiss ce," ya ce. "Kora. Sashenmu gaba ɗaya."

Wani ya ɗauki bulo ya fasa tagar ofis. Mutane suka ture maigadi, suka tattake shi suka wuce. Ƙamus ya rage shi kaɗai, ya kai hancinsa jikin takardar ya bi kalmar harafi harafi. Dismantle ce. Ya san ta sarai: kwancewa. Tsofaffin injuna za a kwance a kafa sababbi.

Ya kwasa da gudu. Manaja bai iso ba, don haka akawu suka jawo ta ƙafa, kansa na bugun matakala. Wani ya sheme shi da sifana a fuska. Ƙamus ya kutsa yana cewa shi ya yi kuskure, ba kora ba ce, amma ba mai jin kowa. Sai ya kife a kan ƙanensa. Takalma suka sauka a haƙarƙarinsa, ƙarfe ya zubar masa da haƙora huɗu. Yana jin jinin ƙanen, da ɗumi, yana jiƙa masa riga.

"Yaya, me na yi musu?" in ji akawun.

Ƙamus ya ƙara ƙanƙame shi.

Da 'yan sanda suka zo, da bakinsa ya faɗa musu yadda aka yi. Ya yi wata takwas a tsare, aikin ma ya tafi. Idon ƙanen na hagu bai dawo ba, kuma shekara guda bai yi wa yayansa magana ba, ko a gaban mahaifiyarsu.

Yanzu Ƙamus facin taya yake yi a bakin titi. Kowace Talata yakan rufe rumfa, ya goyo ƙanen a babur zuwa asibitin ido. Makon jiya, da suka faɗa wani rami, ƙanen ya dafa kafaɗarsa.

"Rage gudu, Yaya. Ba ka ga yadda kake tari ba?"