Shingen Gwaggo Mai Keke a Taswira

Gwaggo Mai Keke ba ta yarda da kowa ba, wannan kam duk layin an sani. Tun tana budurwa take ɗinki, kuma ko yadi ka kawo mata sai ta auna a gabanka, ta sake aunawa, tana kallon idonka. Mutum ɗaya ta amince wa a duniya, maigidanta, shi ma Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarsa ne ta fara jin tsakar gidanta na matsewa. Wa zai yi mata haka in ba Kafinta ba, maƙwabcin da shingen kwano kaɗai ya raba su? Mutum shiru-shiru, ai irinsu ake tsoro. Ta daina gaishe shi. In ta ji ƙarar gudumarsa sai ta tsayar da keken ɗinki ta kasa kunne. Daga ƙarshe ta rantse sai ta kai shi kotu.

'Yar ƙanenta tana aiki a ofishin safiyo, masu awon filaye. Ita ta ce, "Gwaggo, kafin kotu zo ki ga wani abu." Ta zaunar da ita gaban allon kwamfuta, ta buɗe taswirar unguwa da aka harhaɗa daga hotunan sama na shekara da shekaru. A ƙasan allon akwai layin shekaru. In ka ja ɗan maɓallinsa da yatsa, sai rufin gidaje su riƙa tsirowa, hanyoyi su miƙe.

"Wa ya ɗauki gidana ba sallama?" in ji Gwaggo. Amma ga rufinta, ga na Kafinta, ga mangwaronta ya yi duhu. Ta ture hannun yarinyar. "Kauce, kar ki ja inda kike so."

Ta ja da kanta. Ai kuwa sai shinge ya fara rarrafe zuwa ƙofar ɗakinta, taku bayan taku.

"Ga shi! Ɓarawo! Ba na faɗa ba? Kai, har mangwaron ya tsotse mini, dubi yadda ya ƙanƙance ya koma gidansa!"

Yarinyar ta ce, "Gwaggo, yau mangwaron nan a gidan wa yake?"

"Gidana mana. Da safen nan na share ganyensa."

"To baya kika ja. Daga bana kika koma shekarar da kika tare."

Yarinyar ta mayar da maɓallin can shekarar farko, ta sake shi ya tafi gaba da kansa. Mangwaro yana girma, shinge yana tafiya, amma gidan Kafinta yake ci. Ya haɗiye bishiyar, ya wuce. Sai ya tsaya cak. Gwaggo ta dubi shekarar da ke ƙasa, shekarar da aka binne maigidanta ce.

"Kafinta ya san wani a ofishin nan?" ta tambaya, amma muryar ba ƙarfi.

Ba ta jira amsa ba. Ta tuna yadda duk ƙarshen damina marigayi yake cewa iska ta kwantar da shinge, bari ya gyara. Ita ke riƙe masa turke yana bugawa, tana yaba masa ƙoƙari. Kafinta kuwa yana tsaye a rumfarsa da zarto a hannu, bai taɓa cewa uffan ba. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Da la'asar ta iso layinsu. Kafinta na zaune a ƙofa yana goge ƙafar kujera. Ta wuce shi, ta ja birki, ta dawo.

"Ina wuni, maƙwabci."

Kafinta ya waiwaya bayansa, ya ga babu kowa. Ya ajiye ƙafar kujerar a hankali.

"Lafiya lau, Gwaggo," ya ce. "Shingen ne kuma zai matsa?"