Rogon da Hajo ta jiƙa

Hajo gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, kuma kafin shekarar yunwa babu wanda zai ce ga wani abin faɗi da ta taɓa yi a unguwarsu ta bakin kogi a Gaya. Matar Sumana ce, manomi mai ɗan kwalekwale, wanda in aikin gona ya yi sauƙi yakan yi fito tsakanin Gaya da tsallaken Dahome, don lokacin ba a gina gada ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Zeinabu. Sauran duk sun koma tun suna goye.

Abin da aka san ta da shi hannu ne. Matan unguwa sukan leƙo su tambaye ta abin da ya shige musu duhu a madafa, ta amsa musu ba tare da ta ɗaga kai daga aikinta ba. Wake in za a ajiye, a cuɗa shi da toka mai sanyi kafin a liƙe bakin tulu, ƙwaro ba zai taɓa shi ba. Kifi in ya yi ƙarni, ruwan tsamiya. Sabuwar tukunya kada ta fara da miya, a dama kunu a cikinta tukuna don ya toshe ƙofofin yumɓu. Kuka kuwa ba a zuba ta wuta na ci. A janye itace, a riƙa barbaɗawa ana burgawa, in ba haka ba ta yi gudaji. Irin waɗannan ne, ƙanana ƙanana.

Wasu daga ciki a Kandi, can cikin Dahome, ta koyo su, inda ta yi ƙuruciya a hannun goggonta. A can ne ta san rogo iri biyu ne. Akwai mai daɗi, wanda ake dafawa a ci da gishiri. Akwai kuma mai ɗaci, wanda matan can suke yin gari da shi, shi kuwa da dafi a jikinsa sai an fitar. Tana yarinya ta ga akuyar goggonta ta sha ruwan da aka matse daga irinsa, ta yi ta juyi tana kumfar baki, kafin a kawo wuƙa ta mutu.

Sai ga shekarar da tsofaffi suke kira ta gari, domin mutanen da suka tashi da tuwon hatsi sun koma jiran garin rogo da kamiyo, wato manyan motocin kaya, ke kawowa daga kudu. Rumbun Sumana ya ƙare tun kafin ruwan fari. Kaji suka tafi, tunkiya ta tafi, har tarun kamun kifi ya bi su kasuwa. Damina ta sauka, hatsi yana gona bai ko yi ciki ba, gidan yana rayuwa da dafaffen ganyen tafasa da 'ya'yan bado da Hajo take tsamowa a fadama.

A cikin wannan hali Yalwa ta yi sallama. Yayar Sumana ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi, an aurar da ita garin Junju tun da daɗewa. Mijinta ya tafi neman abinci kudu, shiru. Ta zo a ƙasa da 'ya'ya biyu: Kabo, yaro ɗan tasawa, da Auta a baya, yarinyar da ta isa tafiya amma ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja ya kwanta.

Hajo ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ƙunshin kanta.

"Matarmu," in ji Yalwa, tana ƙoƙarin wasan da suka saba, "an ce ku mutanen kogi ba ku san yunwa ba. Ina tuwon?"

"Yana gona, Yaya, bai gama ado ba."

Suka yi dariya kaɗan. Da aka kawo ƙwaryar tafasa, Yalwa ta dube ta, ta dubi ƙanenta, ba ta ƙara wasa ba.

Ba a daɗe ba Sumana ya shigo da buhu a ka. Ya yi wa wani mai kamiyo, Alassan, fiton kaya, mutumin ya sallame shi da ɗanyen rogo, don gari ya fi ƙarfin ladan fito. Yalwa ta yi guɗa da busasshen maƙogwaro, ta ce Kabo ya kawo itace. Hajo ta karya guda ɗaya, ta taɓa harshenta a jikinsa, ta tofar.

"Yaya, wannan ba na dafawa ba ne. Mai ɗaci ne. Sai an jiƙa shi."

"Rogo ne ko ba rogo ba?"

"Rogo ne."

"To, a Junju ɗanye muke ɓantararsa a gona, ga mu da ranmu."

"Wancan daban ne. Wannan yana kisa."

"Yunwa fa, shafa kai take yi?" Yalwa ta juya ga ƙanenta. "Kai, ka ji matarka."

Sumana ya sunkuyar da kai. "Yaya, can ta tashi, ta san shi. A yi haƙuri."

"Har yaushe?"

"Sai ya yi laushi yatsa ya shige har ciki," in ji Hajo, "ya fara tsami."

"Yatsanki ko nawa?"

Hajo ta jawo buhun. Ta ɗauki wuƙa ta fere rogon da kauri, ta tsaga kowanne, ta zare jijiyar tsakiya, ta zuba a babbar randa ta cika da ruwa, ta kife faifai ta ɗora dutse. Ɓawon ma ba ta bari a fili ba, ta haƙa rami bayan danga ta binne. Kowace safiya sai ta tsiyaye ruwan a ramin, ta rufe da ƙasa, ta nufi kogi ta ɗebo sabo. Da akwai kaza ko ɗaya da ta rage a unguwar, da ta ba ta ruwan a gaban kowa an huta da gardama. Babu.

Gidan ya zama gidan kallon randa. Yara ba sa wasa, ba sa faɗa, suna zaune inda za su riƙa ganinta. Auta takan ja jiki ta jingina kuncinta da cikin randar saboda sanyi, ta yi barci a nan. Yalwa ta daina ce wa Hajo matarmu. In za ta yi mata magana sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mai randa yarinyata ba ta iya haɗiye ganye."

Gaskiya ce kuwa. Hajo takan tace ruwan bado ta ba Auta da ludayi, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ita ma tana gani. Ta san irin wannan kumburi, ta binne nata.

Wata safiya ta sa hannu a randa ta latsa. Bayan ya yi laushi, tsakiyar tana nan da tauri.

"Ya kusa, Yaya. Wallahi ya kusa."

Yalwa ba ta ko waiwaya ba.

Hajo ta ɗauki tulu. A bakin ƙofa ta ja Zeinabu gefe ta ce kada ta bar kowa ya ɗaga faifan nan. Ta san yarinya ba za ta iya hana goggonta komai ba, amma dole a ɗebo ruwa, dole a nemo bado, Sumana kuma ya fita tun da asuba.

Rana ta ɗaga lokacin da ta dawo. Tun daga lungu ta ji hayaƙi, a cikin hayaƙin kuma ƙamshin dafaffen abinci, abin da hancinta ya manta. Ta shiga ta tarar an kwashe kusan rabin randa an dafa, an juye a babbar ƙwarya yana tururi. Yaran uku sun kewaye ta, har da Zeinabu. Yalwa tana hura wani guntu, ta riga ta damƙa wa Auta ɗaya a hannu tana jira ya huce.

Tulun ya faɗi ya fashe. Hajo ta sure ƙwaryar, zafin yana cin yatsunta, ta ratsa tsakar gida. Ta san in ta zubar a ƙasa za su tsince shi har da yashi. Ta san in ta binne za su tone. Sai ta wuce bayan ɗaki ta juye shi duka a masai.

Ta dawo ta durƙusa gaban Auta. Yarinyar ta dunƙule hannu a ƙirjinta. Hajo ta riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yarinyar da ba ta da ƙarfin kuka tana buɗe baki babu sauti, har guntun ya fito. Shi ma ta kai shi can.

Sai a lokacin Yalwa ta samu murya.

"Na ci! Na ɗanɗana tun yana wuta! Ga ni tsaye, ki dube ni! Ina dafin?"

"Ɗanɗano ne, Yaya. Kuma ke babba ce. Su cikinsu babu komai."

"Abinci a masai? A wannan shekara? Jama'a, ku zo ku ga abin da ƙanena ya ajiye a gida!"

Maƙwabta suka cika ƙofa. Matan da suke zuwa tambayarta yadda ake ajiye wake suka tsaya suna kallonta. Wata tsohuwa ta ce ko dabba ce ta mutu a bana ba a kai ta inda aka kai wannan. Kabo ya tafi bakin masai ya tsaya yana leƙe, sai da aka janye shi.

Da Sumana ya dawo ya tarar yayarsa ta goya Auta ta ɗaure ƙunshi. Ya roƙe ta da Allah, ya roƙe ta da nonon uwarsu. Hajo ta durƙusa ta riƙe bakin zanen Yalwa ta ce mata saura kaɗan, rabin yana nan, duk na yaranta ne. Yalwa ta zare zanenta a hankali.

"Ba na kwana a gidan da aka ƙwace loma daga hannun ɗiyata."

Sumana ya bi su har bayan gari, ta koro shi. Ya dawo ya zauna a gindin danga, bai dubi matarsa ba, bai kuma tsawata mata ba.

Rogon ya nuna a lokacinsa. Ranar da yatsa ya shige har ciki, warin tsami ya tashi, Hajo ta kwashe ta murmushe shi, ta ɗaure a tsohon zane ta danne da duwatsu har ruwan ya tsane. Rana ba ta da tabbas a damina, don haka ta soya shi a kasko da ƙaramar wuta, tana juyawa har ya bushe ya yi wara-wara. Ita ta fara ci. Ta zauna ta saurari jikinta, sannan ta tuƙa wa mijinta da 'yarta. Mafi yawan garin ta ƙulle, ta naɗe malmalar tuwo a ganye, ta kama hanyar Junju a ƙasa. Ta san mace mai goyo da yunwa ba za ta yi nisa ba.

A ƙauyen Bana ta same su. Wata mata ta nuna mata bukkokin masu dafa gishiri, waɗanda ake bari babu kowa in ruwa ya sauka. Yalwa tana zaune a bakin ɗaya, Kabo yana kwance da kansa a cinyarta. Zanen goyo yana ninke a gefe.

Hajo ta tsaya tana kallon zanen.

"Jiya," in ji Yalwa. "Mutanen nan sun yi mata sutura, Allah ya saka musu."

Hajo ta sauke kayan ta zauna a ƙasa. Ta buɗe ganyen ta tura gaba. Yalwa ta tashi Kabo, ta riƙa gutsura masa kaɗan kaɗan don kada ya shaƙe. Ita ba ta kai ko ɗaya bakinta ba.

"Yaya, ki ci."

"Na yarda da maganarki," in ji Yalwa. Babu faɗa a muryarta. "A ce dafi ne. A ce da ta ci da ta mutu a ranar. To, ba ga shi ta mutun ba? Da kin bar ta, da ta tafi da abu a cikinta. Har ta cika hannun nan a dunƙule yake."

"Kabo fa? Zeinabu fa?"

"Ban ce ba ki da gaskiya ba."

Ta karɓi ƙullin garin don yaron, ta ce Hajo ta gaida mata ƙanenta. Ba ta sake taka gidan ba har ta rasu a Junju.

Hajo ta yi tsawon rai. Ta ga an gina gada, fito ya mutu, ta ga Nasara sun tafi, ta binne Sumana. Matan unguwa sun dawo tambayarta a hankali, amma an daɗe in ta wuce ana nuna wa baƙi ita da baki. Kabo ya girma, ya zo gaisuwar rasuwar kawunsa, ya ci abincinta ya yi godiya, bai tayar da zancen ba.

Sau ɗaya tak Zeinabu ta tambaye ta, bayan ita ma ta yi jikoki, ko da sun ci rogon ranar da gaske mutuwa za su yi.

"Tsakiyar da tauri," in ji Hajo. "Amma ya sha ruwa, ya kuma sha wuta. Wataƙila da amai kawai za ku yi. Ban sani ba, Zeinabu. Ranar ma ban sani ba."