Wutar Wankan Inna

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ba mai yawan tatsuniya ba ce. Mutuniyar garin Babban Mutum ce, 'yar gidan mahauta, kuma ta fi yarda da abin da hannunta ya taɓa a kan abin da kunnenta ya ji. Ba ta zuwa gidanmu a Daura sai da dalili. Dalilin wannan shekarar shi ne Innarmu ta haifi ƙanena Sagiru, Iya ta zo yi mata wankan jego. Lokacin ban wuce shekara goma ba.

Safe da yamma ake tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, Iya ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa Inna a makewayi har fatarta ta yi jawur. Daga nan sai kunun kanwa cike da ƙwarya, sannan a kwashi garwashi a zuba ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta a kai. Duk don kada sanyi ya shige ta. Abin da ya rage na wuta a murhu shi ne rabonmu. Bayan sallar isha'i ni da 'yan matan maƙwabta mukan kewaye shi muna roƙon Iya labari, ita kuma tana korarmu, wai 'yan birni ba abin da suka iya sai cika ciki da cika mutane da surutu.

Ranar suna ne bakinta ya buɗe. Tana gyaran kayan cikin ragon, ta kira ni ta ɗora mini zuciyarsa a tafin hannu. Ta nuna mini jijiyoyi masu kauri da ke tsaye da kansu, ta ce ta nan jini ke fita. Sannan ta juya ta dama, ta zura yatsa cikin wasu manya guda biyu masu laushi, da suka kwanta kamar hannun rigar da ba a sa ba, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Ta ce waɗannan su ne hanyar komowa gida, in na yi haƙuri zan ji labarinsu da dare.

"Ku miƙo kunnuwa, ga wata ta sauka a gidan nan," in ji ta, da muka zauna.

Wai wata mata ce mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya ba iyaka. Kullum takan tura su kai abinci gonaki, na kusa da na nesa, su fita jajaye suna tsalle. In sun sauke kaya sai su juyo a gajiye, jikinsu ya yi duhu, ba mai gudu. Hanyar komowa biyu ce. Ɗaya ta gangaro daga tudu, ɗaya ta hauro daga fadama, duka a ƙofar uwar suke ƙarewa. 'Yan tudu gangare ke kawo su. 'Yan fadama kuwa hawa suke yi, shi ya sa aka jera musu ƙananan ƙyamare a hanya, kowa ya wuce ya rufe bayansa don kada ya zame ya koma.

Ana nan sai Sanyi ya zo ya zauna a dokin ƙofar. Ƙofa ta sandare, uwar ta ja ta ja, ba ta buɗuwa sai kaɗan. Yara suka yi cincirindo a waje, na baya na turo na gaba, har hanyoyin biyu suka cika suka batse, suka malala cikin gonakin mutane. Sai ga wata tsohuwa da damin itace. Ta hura wuta, ta yi ta ƙarawa, Sanyi ya ji ba dama ya ari ta kare. Ƙofa ta buɗe, kowa ya shiga ya kwanta jikin uwarsa.

Na tambaye ta wace ce tsohuwar.

"Wata mai hankali ce irina, ba irinki ba, ƙawata. Nan ta tsaya, sauran toka ce, kowa ya kama gabansa."

Kusan kullum sai mun sa ta maimaita, domin muna son wurin da Sanyi ke gudu. A cikin kwanakin nan ne ƙafafun Inna suka fara kumbura. In an danna da yatsa sai rami ya tsaya. Kumburin ya hau har ciki. Ta daina iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana haki, Sagiru na kuka a gefenta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wuyanta. Wata jijiya ta taso tun daga ƙashin wuya har ƙarƙashin kunne, kaurin ɗan yatsana, tana motsi.

Iya ta gan ta. Inna 'yar fari ce, don haka Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta ma cika kallon fuskarta ba. Amma ran nan ta durƙusa ta shafa jijiyar, ta daɗe. Da ta fito ta ce wa Baba sanyi ne ya tare wa yarinyar nan ƙofa. Ta ninka itace, ta ƙara kanwa a kunu. Baba ya kawo maganar asibiti, kansa a sunkuye, Iya ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, iskar hanya ce za ta ƙarasa ta. Kunyar suruka ta rufe masa baki. Ranar da ya cire kunyar ya nemo mota, Inna ba ta iya gama kalma ɗaya ba tare da ta tsaya neman numfashi ba. A asibitin ta rasu, ba a yi arba'in ɗin ba.

Sai da na aurar da 'yata ta haihu na ji sauran labarin. Na raka ta asibiti awon bayan haihuwa, na ga likitar ta kishingiɗar da ita tana duban gefen wuyanta. Na tuna wuyan Inna, na tambayi dalili. Ta ce lafiya lau take, dubawa ce kawai. Ta yi mini bayani cewa jinin kai da wuya da hannuwa ta babbar jijiya ɗaya yake saukowa, na ƙafafu da ciki ta wata yake haurowa, su zuba a ɓangaren dama na zuciya. Akwai matan da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa. In ta kasa karɓa, jini ya taru a baya, wuya ya taso, ƙafa ta kumbura. Kanwa kuma tana riƙe ruwa a jiki, zafi mai tsanani yana ƙara wa zuciya aiki, wato ana ƙara wa gajiyayye kaya. Na ce na gode, na fita na zauna a baranda.

Iya ta san hanyoyin, ta san ƙofar, ta san abin da ke faruwa in ta ƙi buɗuwa. Wanda ke zaune a bakin ƙofar ne kaɗai ba ta sani ba. Na yi fushi da ita, na kuma yi mata kuka, duk a zama ɗaya.

Ita ta raini Sagiru a Babban Mutum har ya yi wayo, kuma ba wanda ya sake jin tatsuniya a bakinta. Da na je duba ta a ciwonta na ajali, ta riƙe hannuna, karo na farko na ji ta kira sunan Inna.

"Hauwa'u ni na cuce ta," ta ce. "Itacen ɗanye ne a shekarar. Wutar ba ta isa ba."

A lokacin na ce mata kwana ne ya ƙare, don ban san wata amsa ba. Yanzu na sani, kuma ina gode wa Allah da ya ɗauke ta kafin in sani.