Ranar da Zaharadden Ya Riƙe Igiya

Duk wanda ya taɓa ratsa lungun bayan masallaci a Hindawiyya da la'asar ya san hayaƙin Zaharadden mai tsire. Larabawan Jidda siriya suke ce wa tsiren, har daga unguwar Ruwais ake yo masa tattaki. Mutumin Damagaram ne. Umara ta kawo shi yana saurayi, ya ƙi komawa, ya kwashe shekaru ba iƙama, wato takardar izinin zama, da ya ji jiniyar 'yan sanda sai ya nemi maɓoya. Ƙaninsa ya fita sayo gawayi wata safiya aka kama shi, sai daga Yamai aka ji muryarsa. Daga baya Allah ya haɗa Zaharadden da kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya masa, takardu suka fito, amma tsoron bai fita ba. Da shi ya yi renon 'yarsa Hikima bayan rasuwar uwarta: kada ki yi nisa, kira ni in kin isa, kira ni in kin taso. Mutumin kirki ne, amma wallahi zama da shi sai mai haƙuri.

To, wannan 'yar da ake kaffa-kaffa da ita, me za ta zaɓa duk faɗin duniya? Hawan dutse! Ta fara ne a wani ɗakin motsa jiki na mata mai bangon hawa, ta ƙware har aka ce ta zo ta riƙa koyarwa, tana fita da ɗalibai tsaunuka. Zaharadden ya ce atafau. Hikima ba ta ja ba. Ta ce ya zo ya gani da idonsa sau ɗaya. In bayan nan ya ce a'a, halas, shi ke nan, ta bar aikin, ta bar hawan. Ya yarda, don ya riga ya san abin da zai faɗa.

Suka kama hanya da asuba, shi da ita da ƙawarta Ruba, wadda ke tuƙi. Suka haura Ɗa'if, suka miƙa kudu wajen Baha, hanya na ta murɗewa, shi ko yana ta salati yana damƙe da hannun ƙofa. Da yamma suka gangara wani kwazazzabo cike da itatuwan ar'ar, ruwa na gudu a ƙasansa, gajimare ya sauko har yana shafar rassa. Rabonsa da jin sanyi irin wannan tun yana gida. 'Yan matan suka kafa tanti, shi kuma ya hura gawayi, don bai yarda ya bar garin ba nama da yaji ba. Birai suka jeru kan duwatsu suna kallonsa, yana zaginsu da Hausa.

Da safe aka je gindin dutsen. Tsarin kuwa shi ne, mai hawa ta ɗaura igiya a ƙugu, tana hawa tana maƙala ta a ƙugiyoyin da aka kafa jikin dutsen. Na ƙasa yana sakar mata igiya kaɗan-kaɗan ta cikin wani ƙarfe, in ta zame ya danne. Ruba ce za ta riƙe, sai dattijo ya ce ina! Ba wanda zai riƙe masa 'ya yana tsaye. Ruba ta koya masa har ta ga hannunsa ya faɗa, sannan ta tsaya bayansa riƙe da wutsiyar igiyar.

Da farko lafiya lau. Amma da Hikima ta kai tsayin bene uku, ya ga ta zama 'yar mitsitsiya, tafin ƙafarta kan abin da bai kai ɗan yatsa ba, sai hannunsa ya ƙi. Ya danne igiya, ya ja da baya, ya tamke ta tam.

"Baba, rakhi!" Hikima ta kwaɗa daga sama. Larabci ya fi zama a bakinta.

"Ya ammi, sassauta mata," in ji Ruba. "Ba za ta iya gaba ba."

Ya ji su sarai. Amma yaya za a ce wa uba ya saki igiya 'yarsa na rataye a sama? Ya ƙara ja. Hikima ta miƙa hannu ga maƙalin da ke sama da kanta, igiya ta fizgo ta ta ƙugu. Yatsunta suka fara zamewa.

"Baba, saki! Kana ja ni ƙasa!"

Ba ta rufe baki ba ta ɓalle. Faɗuwar ba ta da nisa, igiya ta tare ta, amma gwiwarta ta daki dutse, har ƙasa aka ji. Ruba ta karɓa ta sauko da ita a hankali.

Hikima ta zauna tana share jini da gefen gyale, ba ta ɗago ba. Ta san an gama. Ga hujja ta faɗo masa har gabansa. Zaharadden ya tsuguna, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki da bai san inda zai ajiye ba.

"Da ban ja ba, da kin kama wurin nan?" ya tambaya.

"Da na kama, Baba."

"Ashe ba dutsen ne ya yar da ke ba." Ya dube ta. "Tsoro nake ji, 'yar nan. Kullum tsoro nake ji, har na gaji." Ya miƙe ya karɓi igiyar daga hannun Ruba. "In ƙafar za ta iya, yalla, koma. Aikin ma ki karɓa."

Ta ɗaure gwiwa ta koma. Ta wuce inda ta faɗo, ta kai wani leɓen dutse da ya turo waje, ta haye shi, ta ɓace masa gaba ɗaya. Ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ba ya ganin komai sai dutse da gajimare. Igiya kawai ke motsi a hannunsa, ta tsaya, ta sake neman ƙari. Hawaye na bin gemunsa, bai sa hannu ya share ba, don hannayen duka biyu na aiki. Duk lokacin da ta ja, sai ya ce bismillah, ya sakar mata.