Jinin Gidan Su Gide

Shekara goma sha ɗaya Iya Saudatu ta yi tana jiran ranar da za ta kunyata yayan mijinta, Alhaji Gide, kuma ni da katangarmu take ɗaya a Mairuwa ban taɓa ce mata ta yi haƙuri ba. Da idona na ga abin da aka yi mata.

'Yar Sabuwa ce, aure ya kawo ta. Daddawa take yi, irin wadda tun daga bakin kasuwar Yankara hanci ke kai mutum wurin tirenta. Mijinta Malam Mamuda ya fara da ciwon kwiɓi, sai fitsarin jini, sai ƙafafu suka kumbura. Ƙanensa Nata'ala ma haka ya soma. Alhaji Gide ya duba gidan kaf, ya ga ita kaɗai ce bare, ya ce mayya ce ta kama kurwarsu.

Da rana tsaka aka shimfiɗa marasa lafiyar a tsakar gida, aka sa ta tsallake su sau uku-uku don ta saki kurwar, mata na leƙe ta kan katanga. Ta tsallake mijinta tana kuka, shi ma yana kuka. Duk da haka su biyun suka rasu, tsakaninsu wata bakwai. Daga nan ko kyauta ba mai karɓar daddawarta. Da surfe da wankau ta raini ɗanta guda, Uwais, har ya zama malamin firamare a Kankara.

Bara ne Uwais ya zo da labarin wasu likitoci masu bincike a wani babban asibiti, suna neman gidajen da ciwon ƙoda ke bi. Sun ce akwai wata ƙwayar halitta da ake gada, idan ta lalace sai ƙoda ta cika da ƙululun ruwa. Ana iya ganinta a jini tun mutum na kan ƙafarsa, kuma ita suke so su haɗa wa magani. Iya Saudatu ba maganin ta ji ba, kalmar gado ta ji. Aka aika wa Alhaji Gide ya ba da jini, ya ce ba ya wasa da yara. Ita kuwa ta tasa Uwais gaba, suka je aka ɗebi nasu su biyu.

Bayan wata huɗu Uwais ya dawo da takarda. Ya ce mata, "Inna, naki jinin ƙalau yake. Ciwon daga gidan su Baba ya hito." Ta rangaɗa guɗa, ba ta tambayi komai ba, ni ma da nake zaune wurin ban tambaya ba. Murna ta rufe mana ido.

Ta zaɓi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ƙofar gidan Alhaji Gide ke cika da dattawa. Uwais ya roƙe ta ta bari, ta ce ko sama za ta haɗu da ƙasa sai an karanta takardar a gabansu. Ta ɗauki sabon tiren daddawa ta dire gabansu.

"Alhaji, ina wuni. Na kawo maku kurwar da kuka ce na ci. Uwais, karanta masu."

Ya karanta, ya fassara da Hausa. Wani tsoho ya ce ai mahaifin su Gide ma da kumburi ya rasu, tun Saudatu na goye. Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina, musamman da na ga ƙafafun Alhajin sun cika takalminsa tam.

"Mi kac ce yanzu?" in ji ta. "Wa za ka sa ya tsallake ka?"

Alhaji Gide ya ce, "Takardar banza ce wagga. Ni ban ba da jini ba, Mamuda da Nata'ala suna kabari. A jinin wa anka gani?"

Iya Saudatu ta juya ga ɗanta tana murmushi, tana jira ya rufe masa baki. Uwais ya ninke takardar a hankali ya sa aljihu.

"A nawa, Baba," ya ce.

Yanzu daddawarta ba ta kai azahar a kasuwar Yankara, har matan gidan Alhaji Gide na aikowa a saya. Na tambaye ta ko ta yafe masa, ta ce a'a, kuma ba za ta yafe ba. Amma kullum Uwais ya zo gida, kafin ta amsa gaisuwarsa sai ta durƙusa ta danna ƙafarsa da yatsa, ta tsaya tana duba ko wurin zai lotsa.