Irin albasar Danwarai da jerin toshewa

Har gobe ranar da Darakta ya kira ni ofishinsa a kan manoman Danwarai ba ta fita raina ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in kwamfuta a wani ofishin tallafa wa manoma a Aliero, intanet ba ta daɗe da zuwa mana ba. Duk imel ɗin ma'aikatar ta hannuna yake bi, har na shugabanninmu na hedikwata.

Ku sababbin ma'aikata kun san jerin toshewa, amma bari in yi bayani don sauran. Kowane adireshi yana da gida, wato sunan da ke bayan alamar @. Idan gida ya zama matattarar 'yan damfara, sai a sa shi a jerin, duk abin da ya fito daga can ya faɗa rami. Ƙa'idarmu ita ce sai na ga sharar, wato saƙonnin damfarar, da idona, na rubuta dalili. Mai aikowa kuwa ba ya sanin an zubar da saƙonsa, jira kawai zai yi ta yi.

A ƙarshen daminar waccan shekarar ofishinmu ya raba irin albasa, aka yafa, bai tsiro ba. Sakataren ƙungiyar manoman Danwarai, Malam Umaru, kullum sai ya hau mota zuwa shagon intanet a Jega, ya aika kuka hedikwata da adireshin ƙungiyarsu. Idan sabon iri bai zo kafin lokacin dashe ya wuce ba, noman shekarar ya tafi.

Darakta ya miƙo mini guntuwar takarda da sunan gidan ƙungiyar. Ya ce, "Bello, sa wanga cikin jerin. Shara ta."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na duba. Ba shara ba ta, kukan iri na."

"Kai ka faɗa min aikina? Abin da nic ce shara, shara ta!"

Na ji tsoro, don ina da mata da jariri. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na ce, "To a rubuto min dalili, a sa hannu. In ba haka ba, wallahi ba ni taɓa shi."

Hannun ne bai iya sawa ba. Shi kuma ko kunna kwamfutar bai iya ba, ballantana ya shiga jerin. Saƙonnin suka ci gaba da wucewa, hedikwata ta aiko a duba, sabon iri ya iso a makare, amma an samu an dasa.

Ni kuwa kafin albasar ta kai kasuwa, takardar canjin wuri ta same ni. Aka tura ni rumbun taki a Maiyama, jami'in kwamfuta guda, inda ko wutar lantarki babu. Abokan aiki suka riƙa tsokanata wai in tace musu buhuna kamar yadda nake tace imel. Na ji zafi ƙwarai, amma ban taɓa zuwa ba da haƙuri ba.

Abin da na koya shi ne, jerin nan don 'yan damfara aka yi shi, ba don wanda ya dami oga ba. Duk ranar da aka miƙo muku guntuwar takarda, ku nemi dalili da sa hannu. Malam Umaru har ya rasu bai san sunana ba, bai ma san an taɓa shirin rufe masa baki ba. Haka nake so mai aiko saƙo ya kasance, saƙonsa ya isa ba tare da ya san da mu ba.