Bangon Malam Tasi'u

Da an idar da sallar la'asar, Malam Tasi'u yakan fito ƙofar gida riƙe da gwangwanin alli da tsumma. Sai ya goge bangon da ya shafe da siminti ya baƙanta da garin tsohon batir, ya rubuta kwanan wata a sama, ya maimaita lissafin da ya koyar a aji da safe. Ba rajista, ba kuɗin zama. Mai dawowa daga gona ya jingine fartanya ya kwafa, mai talla ta sauke faranti ta kwafa. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka a ƙauyenmu na ƙasar Minjibir, ƙarshen watan nan kuma zai yi ritaya. Dalilin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ni ce Hussaina Nababa, 'yar Inna Kulu mai ƙuli-ƙuli, kuma ina faɗa da babbar murya: tun da nake ban taɓa biyan kuɗin lesin ba. Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka shiga shekarun da kwanon gero ya ninka uku, kuɗin mota zuwa Kano ya gagari magidanta. Albashin malami ba ya ganin tsakiyar wata. Sai wasu malaman suka koma koyar da rabin darasi a aji, su ce sauran sai a lesin da yamma, tambayoyin jarrabawa kuma daga wancan rabin suke fitowa. Ban zage su ba, yunwa ba ƙanwar lasa ba ce. Amma irinmu mun riƙa faɗuwa, ba don kwanyarmu ta toshe ba.

Shi ma Malam wahalar ba ta tsallake shi ba. A gabanmu ya sayar da babur ya koma kan tsohon kekensa mai kuka kamar ƙofar rumbu. Duk da haka bai rage ko layi ɗaya a aji ba. Har ya riƙa karɓar littattafanmu na kimiyya ya kwana biyu yana nazari, ya zo ya cike mana gurbin a bango. Yana kuma da doka: ba ya karɓar komai daga hannun wanda yake duba takardar ɗansa. Inna ta taɓa aika masa da ƙwan zabi, ya dawo mata da shi da kansa.

"Kulu, ajiye min shi sai Hussaina ta bar hannuna."

"Kafin nan ai sun ƙyanƙyashe, Malam."

"To, kin ga na ci riba."

Saura mako uku mu rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya aka wuni ana tafka ruwa. Bangon na ƙasa ne, simintin fuska kawai ya rufe. Da muka zo da la'asar sai muka tarar da bangon kwance a hanya, lissafin jiya a tarwatse cikin taɓo. Mu goma sha huɗu ne ba mu da wani lesin sai shi. Na tsaya rungume da littafina, na ƙi yin kuka don kada 'yan lesin su gani.

Washegari Alhaji Dallatu, babban ɗan kasuwar hatsi, ya zo har ƙofar gida. Ya ce zai tayar da katangar da bulo, ya haɗa da buhun gero biyu. Zaurensa kuma akwai fanka da farin allo, Malam ya riƙa zuwa yana koya wa 'yarsa Sakina da ƙannenta su kaɗai har a gama jarrabawa.

"Alhaji, na gode, Allah ya ƙara buɗi," in ji Malam. "Sakina ɗalibata ce, ta zo nan kamar kowa. In na shiga zaurenka, ranar da ta ci tamanin wa zai yarda ita ta ci?"

"Ta zo ina? Bangon ma babu!"

Gaskiyar Alhaji ce. Kwana biyu Malam yana rubutu da tsinke a ƙasa, awaki suna bi ta kai. Ran na uku Inna ta ɗaura ɗamara ta bi gida-gida: kowane gida bulo biyu. Ita ta fara ɗauko nata a ka, ɗaya bayan ɗaya. Dabo magini ya zo da cokalinsa, ya ce ladansa ɗansa ya iya raba dogon lissafi. Malam ya fito ya ga tarin bulo, ya ɗaga hannu.

"Kun san dokata. Ba zan karɓi katanga daga iyayen ɗalibaina ba."

"Wa ya ce kai za a gina wa?" in ji Inna. "Dabo, matsa da igiyarka bakin hanya, mai unguwa ya ba mu wurin. Bango namu ne. Kai alli ne naka."

Har Malam sai da ya yi dariya. Can sai ga Alhaji Dallatu da amalankensa shaƙe da bulo. Inna ta sa aka sauke biyu, ta ce a mayar da sauran.

"Haba Kulu, alheri ma sai an yi min awo?"

"Kai da kake auna mana gero kullum, Alhaji? Yau ka ɗanɗana."

Cikin kwana biyar bango ya tsaya, ya sha baƙinsa. Sakina ta zo da tabarmarta ta zauna kusa da ni, muka zama ƙawaye har yau. Mu tara muka ci jarrabawar, har da ita, babu kuma wanda ya ɗaga gira a kan sakamakon kowa. Gefen gidan Malam da ya rushe kuwa, zana ya kafa. Duk mai shakka ya zo ya gani, har yanzu zana ce.

Malam, kai ne wanda yunwa ta ƙwanƙwasa wa ƙofa bai sayar mata da rabin darasi ba. Kai ne ka nuna mana cewa makin da aka ci a bainar jama'a ba ya jin kunyar kowa. Rijiya a bakin hanya, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka.

'Yan'uwana malamai, na ce 'yan'uwana domin bana na kama aiki a makarantar da na yi, na san nauyin wata kamar yadda kuka sani. Wanda zai yi lesin ya nemi halalinsa, amma ya gama darasin aji a aji, kada kuma ya sayar wa yaron da zai duba takardarsa.

Jiya Malam ya miƙo min gwangwanin allin, ya ce daga wata mai zuwa bangon yana hannuna. Kafin in buɗe baki sai ga Inna ta shigo, ta dire masa kwando a gabansa, zabi shida suna ta kiciniya a ciki.

"Ga ajiyarka, Malam. Hussaina ta bar hannunka."